Kejin da Surukina Ya Haɗa

Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, in yana magana kuma idona na ƙasa. Haka aka koya mini a gida, haka na ɗauko abin na tsallako teku da shi har Ingila. Matata takan yi mini dariya, ta ce ko a ƙauyensu an rage irin wannan kunyar suruki. Ni kuwa taƙama nake yi da ita. Yanzu in na tuna taƙamar nan raina ɓaci yake yi.

Aikina gyaran motocin ɗaga kaya ne a rumbunan ajiya da ke bayan Manchester. Wani Bature abokin aikina ne ya fara kai ni wani tsohon wurin fasa dutse, inda mutane ke hawan duwatsu da motocin da suka haɗa da hannunsu. Ba gudu ake yi ba. Motar tana tafiya ne kamar hawainiya, taya ɗaya a saman dutse, ɗaya ta nutse a rami, direba na leƙen ƙasa ta gefe. A gabana wata ta kife, ta mirgina sau biyu, na dafe kai ina kiran sunan Ubangiji. Sai ga direban ya rarrafo waje yana dariya. Abin da ya sa ya fito da wuyansa lafiya shi ne kejin ƙarfen da ya kewaye kujerarsa. A irin wannan mota kifewa ba hatsari ba ce, cikin wasan take. Ranar na dawo gida da cutar son abin, kuma ba ta sake ni ba.

Bayan wata shida na samu gangar mota a hannun wani mutum a gefen Birmingham, wanda matarsa ta gaji da ganinta a tsakar gida. Shasi ne kawai da aksul biyu, tayoyi huɗu da sitiyari. Ba inji, ba kujera, ba jiki. In an tura ta tana gangarawa, iyakar iyawarta ke nan. Matsalar ita ce wurin ajiya. Gidanmu na unguwar Moss Side a Manchester ƙofarsa a kan titi take, ɗan filin da ke baya kuwa kwandunan shara sun cinye shi. Sai Baba, wato surukina, ya ji labari. Yana zaune a unguwar Handsworth, can Birmingham, wurin ƙanwar matata tun bayan rasuwar matarsa, kuma akwai gareji a bayan gidan.

Ya ce, "Ka kawo ta nan mana, ɗana. Ba kowa a garejin sai gizo-gizo."

Da na san abin da zai biyo baya, da na bar ta a ruwa ta yi tsatsa.

Baba mai walda ne. Fiye da shekara talatin ya yi a Kaduna yana haɗa bodin manyan motoci, kuma duk wanda ya san shi a can ya san hannunsa. A Ingila kuwa ba shi da abin yi sai coci, asibiti da leƙen taga. Don haka duk Asabar in na sauko daga Manchester, yakan fito garejin ya zauna yana kallo. Ba ma hira, ni da wane bakin? Amma kafin in nemi sifana ya miƙo mini ita, kuma daidai lambar da nake so. Ba zan yi ƙarya ba, Asabar ɗin nan sun yi mini daɗi. Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Na ɗora injin dizal na wata tsohuwar mota, na haɗa giya, na sa dogayen shoka don tayoyin su iya hawa da sauka yadda dutse ya so, na haɗa mata birki.

Wayoyin wuta kuwa 'yata ce ta yi su. Ita ce babba, tana karatu a jami'a, tana zaune da ƙawayenta a Fallowfield, nan cikin Manchester. Tun tana ƙarama hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Da ta gama haɗa wayoyin aka murza makulli injin ya tashi, farin ciki ya ɗebe ni na yi mata alkawari a gaban kakanta: ranar da za ta cika ashirin da ɗaya, ita ce za ta fara hawa dutse da motar. Saura keji kawai. Na riga na yi odar bututun da ake yin sa da shi, ƙarfe na musamman wanda ba shi da ɗinki, ina jira a kawo.

Sai wurin aiki suka riƙe ni Asabar uku a jere.

Asabar ta huɗu muka sauka ni da matata da 'yata. Tun daga bakin titi na ga motocin 'yan coci. Ƙanwar matata ta yi girki, dattawa uku suna tsaye a bayan gida cikin manyan riguna, kowa na murmushi yana kallona. Aka ɗaga ƙofar garejin. Ga motata da keji a kanta, an gama shi tsaf, an shafa masa koren fenti yana ƙyalli.

Ashe ana gyaran zauren cocinsu, an ciro tsofaffin bututun ruwa za a zubar, Baba ya ce a kawo masa. Ya aro injin walda wurin wani ɗan coci. Ya cika bututun da yashi, ya gasa su ya lanƙwasa, yadda suke yi a Kaduna. Mako uku, kullum, dattijo mai shekara saba'in da huɗu, shi kaɗai. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna ne. Yana tsaye a gefe ya goya hannu a baya, yana jiran abin da zan ce.

Na matsa kusa. Bututun ruwa dai bututun ruwa ne, ruwa aka yi shi ya ɗauka, ba nauyin mota ba. Wannan kaɗai ya isa. Amma da na duba waldar sai na ga abin da ya fi wannan muni. Kyakkyawa ce, a jere kamar kitso, hannun gwani. Sai dai a wurare da yawa ba a kan mahaɗar take ba. Ta bi gefe, kusan faɗin ɗan yatsa, ta kwanta a jikin bututu ɗaya ta bar ɗayan da ɗan ɗigo kawai, fenti ya rufe sauran. Hannun Baba na nan yadda yake, idonsa ne ya tafi, kuma bai sani ba.

Kun san abin da na yi? Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, an gode. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri." Dattawa suka ce amin. Aka yi wa motar addu'a. 'Yata ta shiga ta zauna a ƙarƙashin kejin ana ɗaukar ta hoto, ni kuma ina tafi. Da hannuna na yi tafin, ba wanda ya tilasta ni.

A hanyar komawa duk direban babbar motar da ya sha gabana sai da na zage shi. Bayan mun sauke yarinyar a Fallowfield matata ta ce, "Wai me ke damunka ne tun ɗazu?"

Na gaya mata. Na ce, "In motar nan ta kife, kejin nan a kan yarinyar zai rufta. Ki gaya wa Baba."

Ta ce, "Ni? Ka ga fuskarsa yau kuwa? Rabon da in ga Baba haka tun Mama na da rai. Kai ka kai masa mota gida, kai za ka faɗa masa."

"Kin san ba zan iya ba."

"To ka ce wa yarinyar an fasa."

"In ce an fasa saboda me? Shi Baban ba zai tambaya ba?"

Ta juya ta kalli taga. Na ji haushinta sosai ranar. Ubanta ne, ita ce ke da bakin da za ta yi masa magana, amma ta bar ni gaba kura baya sayaki.

Sai na bi hanyar da aka saba bi in magana ta yi wa suruki nauyi, na nemi manzo. Na kira ɗaya daga cikin dattawan cocin, abokin Baba, na zagaya na zagaya sannan na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Waldar mutumin nan ta ɗauki buhunan gyaɗa daga Arewa har bakin teku ba ta tsinke ba. Ku yaran Ingila komai sai health and safety. Ka bar abin a hannun Allah."

Na so in ce masa 'yarsa ya kamata ya sa a ciki tunda bangaskiyarsa ta fi tawa. Amma na ce, "To, Baba, na gode." Kullum na gode. Bakina kamar ba a koya masa wata kalma ba.

Da aka kawo bututun kirki da na yi oda, sai na yi wata dabara. Na jingine su a tsakiyar garejin inda dole ya gan su, da takardarsu a manne, ko zai tambaya in samu ƙofar magana. Asabar ta gaba na tarar ya yanka biyu ya haɗa mini benci, wai ya lura bayana na ciwo in na daɗe a durƙushe. Na tsaya ina kallon bencin nan, ban san ko in yi kuka ko in yi ihu ba. Na zauna a kai na ce an gode.

'Yata ce ta gane akwai wani abu, don ta ga na daina zancen ranar. Na same ta a wani wurin shan shayi kusa da ɗakinta na faɗa mata gaskiya. Ta ajiye kofinta ta kalle ni kamar ta ga mahaukaci.

Ta ce, "Daddy, just tell him. Mene ne a ciki?"

Na ce, "Ke ba ki san komai ba. Ba a gaya wa suruki irin wannan."

"To ni zan gaya masa, ai Kakana ne."

Na ce ta gwada, amma kada ta kuskura ta ce daga bakina ta ji. Abin da na manta shi ne, tsakanin jika da kaka ba a maganar gaske, komai wasa ne. Ta ce masa, "Kaka, kejin nan naka zai riƙe ni kuwa? Ni fa ban yarda da shi ba." Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ji amaryata da tsoro! In kin faɗo ni zan tare ki." Aka yi dariya aka tashi. Ta kalle ni ta ɗaga kafaɗa. Na ji haushinta ita ma, ba don komai ba sai don tun farko ita ce mai gaskiya.

Na ma yi tunanin in bar Bature ya ɗauke mini nauyin, wani mai duba motoci ya ce kejin bai ci jarrabawa ba, in dawo ina taya Baba jimami. Amma wurin da za mu je ba a duba komai. Ka sa hannu a takarda cewa wuyanka naka ne, a buɗe maka ƙofa. Saura mako biyu, kuma Baba ya riga ya sa an goge masa rigar da zai sa ranar.

Sai na yanke shawarar matsorata. Ranar Lahadi da safe na ce wa matata an kira ni aiki. Na san ƙarfe goma duk mutanen gidan Handsworth suna coci, ba sa dawowa sai bayan ɗaya, kuma ina da makullin garejin. Niyyata in yanke kejin in kwashe, daga baya in ce ƙungiyar masu hawan dutse ce ta turo doka cewa sai irin nasu bututun. Duk tsawon hanya ina gyara ƙaryar nan a bakina.

Kafin in kunna injin yanka sai na ce bari in tabbata, kada in zalunci dattijo. Na ɗauki babbar guduma na doki mahaɗar da ke saman kujerar direba. Bugu na biyu ta ɓalle, bututun ya faɗo ya doki kujerar daidai inda kan yarinyar zai kasance. Wani irin fushi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na ji haushin Baba da bai tambaye ni ba kafin ya taɓa mini mota. Na ji haushin dattawan da suka tsaya suna amin, ba wanda ya duba. Na ji haushin wanda ya fara koya mana cewa shiru ladabi ne ko da rai na cikin hatsari. Na kunna injin na faɗa wa kejin da yanka kamar shi ya yi mini laifi, tartsatsi na tashi, koren fenti na ƙonewa yana wari.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Na kashe injin don in canja faifan yanka, sai na ga inuwa a ƙasa. Baba ne a bakin ƙofa, da rigar sanyi da silifas. Gwiwarsa ce ta hana shi zuwa coci ranar.

Na ajiye injin na durƙusa. Na fara, "Baba, ƙungiyar ce ta turo..."

Ya ɗaga hannu ya dakatar da ni. Ya shigo a hankali, ya sunkuya ya ɗauki bututun da na ɓalle da guduma. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya matsar, ya sake kawowa. Sai ya daina kallo, ya bi waldar da babban yatsansa tun daga farko har ƙarshe, ya koma ya taɓa bakin mahaɗar. Yatsan ya gaya masa abin da ni na kasa.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka buɗe garejin, Baba."

"Mako biyar ke nan."

Ya ajiye bututun.

"Mako biyar kana durƙusa mini kana cewa an gode. Abokina ya yi mini wani zance a coci, wai surukina ya zama Bature, ban gane ba. Jikata ta zo mini da wasa, ban gane ba. Ashe kowa ya san idona ya tafi, ni kaɗai aka bari a duhu."

"Kunya ce, Baba. Ban iya..."

"Likita ya ce in zo a duba idon, na ce masa lafiyata ƙalau, don shi bai san ƙarfe ba. Da kai ka faɗa mini, mai aikin hannu irina, da na je." Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan, da ma ihu ya yi mini da ya fi sauƙi. "Yarinyar nan jinina ce. Ka ɗauka na fi son a yabi waldata a kan wuyanta? Haka ka ɗauke ni duk shekarun nan?"

Na ce, "A'a, Baba." Karon farko ke nan da na ɗaga ido na kalli fuskarsa yana magana, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba.

Ya ce, "Ba ni gudumar."

Na miƙa masa. Ya bi sauran mahaɗun da ban kai ga yankawa ba, ɗaya bayan ɗaya. Sai ya lalubi wurin da yatsa, ya ja baya, ya doka. Wasu suka riƙe, yawanci suka saki. Ina durƙushe ina jin bututun na faɗuwa a siminti, ban iya cewa ya bari in ƙarasa ba. Da ya gama yana haki, ya jingine gudumar a bango, ya goge hannunsa a jikin riga.

Ya ce, "Ka sa mata na kirki. Amma ba a nan ba. In ka kwashe, ka bar makullin a kan taga."

Na kwashe motar a makon. Na kama wani ɗan wuri a wajen Manchester, na sake yin odar bututu, na kai wa masu aikin suka lanƙwasa da inji suka haɗa. Ranar haihuwar ta wuce motar ba ta shirya ba, sai bayan wata biyu yarinyar ta hau dutsenta. Ta iya kuwa, ta fi ni natsuwa a kan sitiyari. Ta tura wa kakanta hoton bidiyon, ya kira ta suka yi ta wasansu na amarya da ango. An yi masa aikin ido daga baya, yanar da ta rufe shi aka cire, yanzu yana karanta Littafi Mai Tsarki da kansa.

Matata ta ce in ba shi lokaci, dattijo ne, zai huce. Ni na san ba fushi yake yi ba, mai fushi ai ni ne, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Duk Lahadi da yamma ina kiran gidan Handsworth in gaishe shi. Yakan amsa gaisuwar cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyin Manchester, ba ya tsallake ko ɗaya. In ya gama sai ya ce, "To madalla. Bari in ba ka ƙanwar matarka."